Man Bazara a Rijiyar Damba

Injin rijiyarmu ya mutu da safiyar ranar da sanyi ya fi tsanani a shekarar, kuma kafin hantsi kowa ya riga ya san wanda ya kashe shi. Haka mutanenmu suke, ka ba su rabin zance su ɗinka maka sauran.

Mun iso da tumakinmu muka tarar da garkunan maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin kwamin sha, ko ɗigo babu a ciki. Dusar ƙanƙarar da ta zuba a bana 'yar shafa ce a kan yashi, ba ta kai dabba ta lasa ta kashe ƙishi ba. Rijiyar kuwa mai zurfi ce, igiyar guga ba ta kai mata. Raƙuma za su yi haƙuri, tumaki masu ciki ne abin tausayi.

Puntsag, shugaban ƙungiyarmu ta makiyaya, yana tsaye a ƙofar ɗakin inji riƙe da filtar mai. Ya juya ta kowa ya gani. Cikinta ya toshe da wani abu fari mai kauri kamar kitsen da ya kwana a tukunya.

"Man bazara ne," in ji shi. "Tun kaka muka haɗu muka sayo dizal na sanyi, a gabana aka cika duron nan. To wannan daga ina?"

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a ƙasar nan ya san dizal iri biyu ne. Na bazara ya fi araha, amma da sanyi ya kama shi sai ya daskare ya toshe hanyar mai. Na sanyi kuwa yana nan tsinkakke ko da numfashin mutum na daskarewa a gashin bakinsa.

"Tambaya ma kake yi?" Gombo ne wannan, mai motar ɗaukar kaya, wanda muryarsa ta fi ta motar ƙara. "Mabuɗi ɗaya ne, kuma a hannun mutum ɗaya yake. An kwashe mai kyau an sayar, an cika mana da na banza. Tun ranar da kuka ba shi mabuɗin na faɗa muku."

Duk idanu suka koma kan Lodoi. Yana jingine da bango, dogo, ramamme, hannunsa ɗaya dafe da ƙirjin rigarsa. Ya taɓa zaman gidan yari saboda zuƙe mai daga motoci a wurin haƙar kwal, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Da tsoho Damba ya rasu a ƙarshen bazara, shi da ya kula da injin nan tun kafin a kawo ni gidan miji, aka duba aka rasa wanda ya san kan inji sai Lodoi. A kan dole aka ba shi mabuɗin, kuma a kan dole ake gaishe shi.

"Kana da abin cewa?" Puntsag ya tambaye shi.

Lodoi ya girgiza kai.

"To kada ka sake taɓa injin. Zan aika gari a kawo mai da sabuwar filta, yau kowa ya kora dabbobinsa zuwa tsohuwar rijiya ta gabas. Gobe da rana tsaka zan hau tudun da waya ke kamawa in kira ɗan sanda. Ka san inda wannan zai kai ka."

A nan ne mijina Baldan ya gyara murya. Mai bin sawu ne, in raƙumi ya ɓata ko kyarkeci ya yi ɓarna shi ake nema. Gwiwoyinsa sun daina yarda da doki, babur kuma bai taɓa iyawa ba, don haka ni nake tuƙa shi yana bayana yana koya mini tuƙin da bai sani ba.

"Kafin ka hau tudu," ya ce, "ka bari in tambayi ƙasa."

*

Ƙasar bakin ƙofa ba ta da abin faɗa, an share ta tas da reshen itace har zuwa kusurwar ɗakin. Da na ga haka gabana ya faɗi, don ina tausayin Lodoi, kuma mai gaskiya ba ya share ƙanƙara.

"Kai ka share nan?" in ji Baldan.

"Ni ne, Yaya."

"Baƙi kake jira?"

"Datti ne ya yi yawa."

"A wannan sanyin har datti ke samun ƙarfin fitowa?"

Baldan ya shiga ciki, ya zura sanda a duron ya zaro, ya daɗe yana kallon inda jiƙar ta tsaya. Sannan ya sunkuya kan injin. A saman murfinsa akwai wani ɗan tabo rawaya, bai fi kan yatsa ba. Ya kankare shi da farce ya kai baki.

"Tsoho, ka haukace?" na ce. "Giris kake lasa?"

"Man shanu ne, Norjin. Kuma mai kyau, ya fi naki."

Na yi masa kallon da ya dace da shi. Ya juya ga Lodoi.

"Ban da kai akwai mai shiga nan?"

"Babu."

"Me ke damunka a ƙirji? Tun ɗazu kake dafe da shi."

"Sanyi ne."

Muka fita muka zagaya baya. A can akwai sawun taya, manya, masu zanen ƙashin kifi, da tarin guntayen sigari a gefen da direba ke zama. Ko ni da ba na bin sawu na san motar Gombo ce.

*

Matar Gombo ta zuba mana shayin madara, Baldan da maigidan suka yi musayar battar taba, aka tambayi lafiyar dabbobi da ta mutane. Ni kuwa na ƙosa.

"Motarka lafiya lau take tashi a sanyin nan," na ce. "Da wane mai?"

"Da wanda na saya. Me kike nufi, Yaya Norjin?"

"Me motarka take yi a bayan ɗakin inji?"

Gombo ya yi ja har kunnuwa. Matarsa ta fashe da dariya.

"Ku bar shi, gadi ya je. Makon jiya ya wuni a mota yana leƙen taga wai zai kama ɓarawo da hannunsa. Abin da ya kamo mura ce, ni kuma na kwana ina dafa masa romo."

"Duron yana raguwa da sauri," in ji Gombo cikin fushi. "Da idona na leƙa ranar da aka buɗe, ya yi ƙasa da rabi, alhali sanyi bai yi rabi ba."

"Ƙasa da rabi," Baldan ya maimaita. "Ka tabbata?"

"Kamar yadda na san sunana."

"Wa ka faɗa wa?"

"Wa ne ne bai faɗa wa ba?" in ji matar. "Har Iya Tserma da ta biyo shan shayi sai da ya cika mata kunne, wai kafin a ga sabon ciyayi Lodoi zai koma inda ya fito. Baiwar Allah ta ajiye ƙoƙon shayinta ko rabi ba ta sha ba."

Iya Tserma ita ce matar marigayi Damba. Tana zaune ita kaɗai a gindin duwatsun arewa da 'yan awakinta da tsohuwar taguwa, wato macen raƙumi.

"Haushina take ji tun kaka," Gombo ya ce. "Na je in sayi sauran man da Damba ya bari na motar ƙaurarsu, tunda motar ta zama gidan kaji. Ta ce na Damba ne, ba na sayarwa ba ne. Har kare ta sakar mini."

Da muka hau babur na ce, "Ka ji ko? Tun kaka yake neman man bazara. Shi ne, na rantse."

"Mutumin da ya wuni yana gadin duro?"

"Don ya rufe ido."

"Tsohuwa, ki rufe baki iska na shiga. Mu koma rijiya, amma kada ki nufe ta. Ki zagaye ta daga nesa."

*

Haka yake yi in an tattake wuri. Ba ya ɓata lokaci inda ƙafa ta yi yawa, sai ya yi da'ira mai faɗi, don duk abin da ya shiga dole ya ratsa ta, duk abin da ya fita ma haka. Ina tuƙi a hankali, shi kuma ya rataye kansa gefe har ina tsoron ya kayar da mu. Muka ratsa sawun tumaki, muka ratsa na dawaki, muka ratsa na babur ɗin Lodoi ya nufi gari ya dawo. A gefen arewa ya daki kafaɗata.

Sawun raƙumi ne, layi biyu, ɗaya ya nufi rijiya ɗaya ya dawo, kusan a kan juna. Ya sauka da ƙyar, ya durƙusa, ya cire safar hannu ya sa yatsa a wannan, ya sa a wancan.

"Zo ki taɓa."

Na taɓa. Na zuwa ya nutse ya fasa ƙanƙarar har yashi. Na komawa kuwa da kaɗan ya dangwali ƙasa.

"Ɓarawo yakan zo wayam ya tafi da nauyi," ya ce. "Wannan ya zo da nauyi ya tafi wayam. Kuma Gombo ya ce duron ya yi ƙasa da rabi. Sandata ta ce ya haura rabi. Ba a ɗebi komai ba, Norjin. Ƙari aka yi."

Muka bi sawun a ƙafa zuwa bayan katangar duwatsun da ke tare wa rijiyar iska. A nan raƙumin ya durƙusa, ga shatin gwiwoyinsa. Hagu da dama kuma akwai shati biyu masu kusurwa huɗu, daidai gindin jarkar ƙarfe. Abin da ya tsayar da mijina shi ne, a cikin shatin dusar ba ta danne kawai ba. Ta narke ta sake daskarewa, ta zama ƙanƙara sumul kamar gilashi.

"Jarkokin da ɗuminsu aka sauke su," ya ce a hankali. "Wa kika taɓa sani yana kwantar da mai a gefen murhu kafin ya kai wa inji?"

Na san amsar, amma ban so in faɗa ba. A shekarun da ba a samun man sanyi a nan, Damba a cikin ger ɗinsa, wato zagayayyen tantin ulu irin wanda muke zama a ciki, yake kwana da jarkar mai, ya lulluɓe ta da bargon ulu kamar ɗan rago, da safe ya hura wuta a ƙarƙashin inji sannan ya zuba. Na sake duba sawun. Ƙafar baya ta hagu tana jan ƙasa kaɗan. Taguwa ɗaya ce a yankin nan take tafiya haka.

Na zauna a kan katangar.

*

Iya Tserma ta tare mu a ƙofa tana riƙe da kare, 'yar ƙarama da ita, duk ta rankwafa. Ta ji daɗin ganinmu har tana rasa inda za ta zaunar da mu. Ta fito da busasshen cuku da man shanu, kuma da Baldan ya ɗanɗana man ya dube ni na kau da kai.

Cikin ger ɗin ƙamshin hayaƙi ne da na madara, amma a ƙarƙashinsu akwai warin dizal. A gefen murhu shimfiɗar ta yi tabo. Tsohuwar butar shayi tana rataye a waje, an dirje ta da toka amma ba ta sake shiga ɗaki ba.

"Iya, wa ke kawo miki ruwa yanzu?" in ji Baldan.

"Wa kuwa in ba Lodoi ba? Ya kawo ruwa, ya fasa mini itace, ya duba ƙafar taguwa. Ya zauna inda kake zaune ɗin nan ya yi ta tambayata yadda Damba yake yi da kaza, yadda yake yi da kaza. Ni me na sani? Sai in ba shi labarin abin da idona ya gani." Ta ɗan matso. "Daga rijiya kuke?"

"Daga can muke."

"Injin yana aiki lafiya?" Idanunta sai ƙyalli suke yi, irin na wanda ya ɓoye kyauta yana jira a gano. "Mai bai yi ƙasa ba dai ko?"

Mijina, wanda ya taɓa gaya wa mutum a gaban surukansa cewa shi ya saci doki, ya kasa ɗaga ido daga ƙoƙonsa.

"Bai yi ƙasa ba, Iya," ya ce. "Gobe akwai taro a gidan Puntsag. Norjin za ta zo ta ɗauke ki."

"Ni da taro? Ku dai ku yi. Ni bana ma ban sa rai zan ga ciyawa ba, Damba ya gaji da jira."

A hanya hawaye ya daskare mini a kumatu. Na ce masa, "Idan ka faɗa a gaban mutane ka kashe ta."

"Idan ban faɗa ba fa?"

Muka tarar da Lodoi zaune a bakin kwami shi kaɗai. Baldan bai sauka daga babur ba, ya miƙa hannu kawai.

"Fito da abin da ke ƙirjinka."

Lodoi ya sa hannu cikin rigarsa. Sannan ya zaro ƙyallen siliki shuɗi, irin wanda muke ɗaura wa abin da muke girmamawa.

"A wuyan injin na same shi da safe," ya ce. "Na ga man shanu a murfi, na ce Iya ce ta zo gaida injin mijinta jiya da na tafi gari. Na manta ma tana da tsohon mabuɗi. Har murmushi na yi. Na cika tanki daga duro, cikin duhun ɗakin ban lura ba, na tayar. Ya yi aiki kaɗan ya fara tari. Da na kwance filta, na leƙa duro, sai na gane." Ya dubi mijina. "Yaya Baldan, ku bar ta. Ni na san gidan yari, na saba. Ita kaɗai ce ta taɓa miƙo mini shayi da hannu biyu tun da na dawo."

"In aka tafi da kai wa zai kai mata ruwa?"

Baldan ya ci gaba:

"Kuma Gombo na nan. Ranar da za a tafi da kai a ranar zai je ya gaya mata dalili, da man bazara da komai. Tana da kunne, tana da hankali. Kana so ta gane ita kaɗai a cikin ger, kai kana bayan ƙarfe?"

Lodoi ya sunkuyar da kai. Bai ce ya yarda ba.

*

Washegari ger ɗin Puntsag ya cika maƙil, maza a gefensu mata a namu. Na zaunar da Iya Tserma kusa da murhu, na riƙe hannunta ban saki ba. Puntsag ya ajiye filtar a kan tebur ya fara bayani, kuma ina jin yatsunta suna ƙara matse nawa. Sai a lokacin ta ji cewa injin ya tsaya.

Kafin Baldan ya buɗe baki Lodoi ya miƙe.

"Ni ne. Ni na canza man. A kira ɗan sandan."

"Kun ji ko," in ji Gombo.

"Zauna, Lodoi," Baldan ya ce. "Sata ka iya a da, ƙarya kuwa ba ka taɓa iyawa ba. Gombo, a ina ka ce ka ga mai a duro?"

"Ƙasa da rabi."

Baldan ya ɗaga sandarsa, ya nuna inda tabon mai ya tsaya. "Jiya a nan yake. Wane irin ɓarawo ne yake barin duro ya fi yadda ya same shi?" Ya faɗi zancen sawun da ya zo da nauyi ya koma wayam, da shatin jarkokin da suka narkar da ƙanƙara. Bai ambaci taguwa ba, bai dubi gefenmu ba. "Wanda ya yi wannan bai zo ɗauka ba. Ya ji ana cewa mai na raguwa, za a mayar da wani gidan yari. Ya duba abin da ya fi daraja a gidansa ya ɗora wa raƙumi. Sunansa kuwa ban ga dalilin da zai sa ɗan sanda ya ji ba."

Iya Tserma ta zare hannunta daga nawa.

"Man Damba ne," ta ce. "Na kwana da shi a gefen murhu, na lulluɓe shi, yadda yake yi. Jarka ta fi ƙarfina, jan ta na yi na ɗaure wa taguwa tana durƙushe, a rijiya kuma da buta na riƙa ɗiba ina kaiwa duro. Mai ne mai kyau, Damba ba ya sayen na banza."

"Mai kyau ne, Iya," Puntsag ya ce a hankali. "Sai dai na bazara ne. A sanyi daskarewa yake yi."

"Ai na ɗumama shi."

"Damba yana ɗumama na yini ɗaya ne, ya zuba inji ya shanye kafin ya huce. Wannan ya kwana a duro."

Ta dubi filtar a kan tebur. Ta dubi Lodoi. Na ga lokacin da abin ya isa zuciyarta, fuskarta duk ta ƙanƙance.

"Ashe ni na kashe injinsa," ta ce. "Kai kuma da na so in tsare, ni na kusa kai ka." Ta fara lalube ƙasa za ta tashi. "Puntsag, ka hau tudunka. Ka ce musu tsohuwa ce, ba ta da nauyi."

Lodoi ya ratsa mutane ya durƙusa a gabanta. Ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin gwiwar hannunta yadda ƙarami ke yi wa babba.

"Iya, injin bai mutu ba, shaƙewa ya yi. Zan zubar da abin da ke tanki, in ɗumama bututun, in wanke filtar, in fitar da iska. Kafin rana ta faɗi za ki ji muryarsa. Duron kuma yana raguwa ne don injin ya tsufa, yana sha fiye da da. Da na faɗa, da ba wanda zai yarda."

"Man Damba fa? Na ɓata shi, na ɓata naku."

"Ba abin da ya ɓaci. Mai ba shi da laifi, lokacinsa ne bai yi ba. Zan juye shi duka in rufe in ajiye miki. Idan zafi ya shigo, ciyawa ta fito, in tace shi da ƙyalle, injin zai sha man Damba har ya ƙoshi." Ya zaro shuɗin ƙyallen daga ƙirjinsa ya ɗora mata a hannu biyu. "Amma ni ba zan zuba ba. Ke za ki zuba, da butarki. In ba ki zo ba yana nan a rufe."

"Yaron nan, aiki kake ba ni."

"Aiki ne, Iya."

A nan ta yi kuka, ni ma na yi, ba ni kaɗai ba kuma. Gombo ya tashi ya fita, na ce a raina kunya ce ta kore shi. Can sai muka ji motarsa ta tashi. Ashe rijiya ya nufa, ya zura tiyo a tankinsa yana zuƙo man sanyi don kada a jira na gari. Da muka iso ya miƙa wa Lodoi jarkar yana kallon wani gefe.

"Ka fi ni iya wannan aikin," ya ce. "Na haɗiyi rabi."

"Hannu ne ya saba," in ji Lodoi. Karon farko ke nan da na ga haƙoransa.

Da yamma injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Ruwa ya ɓulɓulo cikin kwami yana tururi, tumaki suka yi ca a kai. Puntsag bai hau tudu ba.

*

Sanyin ya daɗe a wannan shekarar. Sau biyu Iya Tserma ta kwanta, har muka fara zancen abin da ba a so a faɗa. Duk ranar da Lodoi ya kai mata ruwa sai ya ce, "Iya, manki na gaishe ki, yana tambaya yaushe." Ita kuma ta ce masa marar kunya.

Wata safiya bayan ruwan farko, ƙasa ta yi kore-kore, muna kan hanyar rijiya ta gefen arewa Baldan ya daki kafaɗata. Na tsaya. Ya leƙa yashin mai laima bai ko sauka ba.

"Karanta," ya ce.

Sawun taguwa ne mai jan ƙafar hagu, ya nufi rijiya. A gabansa akwai sawun takalmin namiji, dogon taku amma an rage shi, irin na mai jan akala yana waiwaye. Babu sawun komawa tukuna.

"Bai nutse sosai ba," na ce. "Ba kaya a kai."

"Akwai. Tsohuwa ɗaya da buta."

Daga can bayan katanga muka ji injin ya tashi. Na kashe babur ɗin don mu saurara.